Kayen Rahila

Ranar Asabar ta ƙarshe kafin a buɗe lakkol yara su koma karatu, Rahila ta shiga motar farko da ta tashi daga Buza zuwa Madawa. Shekararta takwas tana koyar da ƴan ajin farko a wani ƙauye da ke bayan duwatsun Buza, cikin aji na karan gero da ake sake ɗaurawa duk bayan damina. Kowace shekara ita direktan lakkol ɗin, Mushe Sule, ke aikawa sayen kayan karatu, don ya ce ita kaɗai ce ba ta taɓa dawo masa da allin da ya sha ruwa ba. Takardar jerin kayan tana cikin jakarta. A ƙasan kujera kuma ta ajiye wata leda da tumu da busasshiyar kuɓewa, tsarabar ƙawarta Mardiya, wadda a gidanta take cin abincin rana duk sa'ad da ta shigo gari.

Da hantsi ta sauka tasha. Garin cike yake da iyayen yara, kowa da ƴar takardarsa a hannu. Shagon farko da ta shiga, ta buɗe kwalin alli ta zaro ɗaya ta ja shi a bayan hannunta, ya dagargaje. Ta mayar, ta yi godiya ta fita. A shago na biyu suna da ardwaz, ƙananan allunan da yara ke rubutu a kai, amma na roba ne masu santsi, irin waɗanda alli ba ya kamawa. Mai shagon ya yi ta rantsuwa cewa su ake yayi yanzu. Ta ce masa yaranta ba yayi za su je yi ba. Daga nan ta tsallaka titi ta nufi shagon Alhaji Mahamud, inda dama ta san can za ta ƙare.

Shagon Alhaji Mahamud dogo ne, mai duhu daga ciki, yana warin sabuwar takarda da zafin injin fotokopi. Kaye, littattafan da yara ke rubutu a ciki, jibge har kusa da rufi, bik na rubutu ja da shuɗi a cikin gwangwanaye, jakunkunan yara rataye a igiya suna taɓa kan mutane. Alhajin dattijo ne mai gilashi, ba ya gaggawa ko da shago ya cika.

"Madan Rahila! Yau mutanen dutse sun sauko. Ina gajiya? Ina Mushe Sule?"

"Lahiya lau, Alhaji. Shina gaishe ka."

Ta miƙa masa takardar. Suka bi ta layi layi. Ta zaɓi ardwaz na katako masu baƙin fenti, ta duba kowane ɗaya kada a haɗa mata da mai tsaga. Ta ƙi kaye masu siririyar takarda, ta ce bik na huda su. Ya yi dariya ya sauko mata da na sama. Alli kwali shida, fari biyar, mai launi ɗaya. Soso na goge allo. Babbar takarda ta manna haruffa a bango. Yana ɗaure kayan da igiya ya ɗago kai.

"Af, ke da ke koyar da ƙanana, ba ki ga sabon littahinmu ba? Na Hausa ne. Satin ga anka kawo shi, har kwali guda ya ƙare."

Ya miƙo mata wani ɗan littafi mai koren bango. Tsanin Karatu, haka aka rubuta a sama. Ta buɗe tsakiya don ta ga girman haruffan, kamar yadda take yi wa kowane littafin yara.

Akuya ce a shafin, ɗaure a turke. Rahila ta tsaya tana kallonta. Ta san akuyar nan. Ita ta zana ta, shekara huɗu da suka wuce, a kan tebur ɗin ajinta. Ranar hannunta ya goce ta yi wa akuyar ƙafa ta biyar, da ta rasa yadda za ta goge bik sai ta mayar da ƙafar turke, ta ja igiya daga wuya zuwa gare shi. Ga turken nan a karkace, daidai inda ta bar shi.

Ta juya shafi. Ga rijiya da wasaki. Ga buhun albasa a kan amalanke. Ga keken mahaifinta, marigayi Ishaya, wanda ya yi shekara talatin yana aikin jinya a asibitin mishan, har da ƴar jakar da yake ɗaurewa a baya. A ƙarƙashin kowane hoto ga jimlolinta, yadda ta jera su, daga masu gaɓa biyu zuwa masu uku. Ta rufe littafin ta dubi bangon da kyau. A ƙasa, da manyan haruffa, an rubuta sunan wadda ta wallafa: Mardiya Abdurrahman. Ta duba ciki, shafin farko da na ƙarshe, har ƙananan rubutun da ke gefe. Babu Rahila ko'ina.

Tun suna makarantar horar da malamai a Tawa suke tare da Mardiya, ɗaki ɗaya, kwano ɗaya. Da azumi Rahila ke tashi ta ɗumama mata abincin sahur, da Kirsimeti Mardiya ke zuwa gidansu ta yi kwana uku tana tuya da mahaifiyarta. Bayan sun fito, Mardiya ta yi sa'a aka ɗauke ta aikin dindindin, daga baya ta koma wani furoje, shirin tallafa wa ilimi a Madawa, mai buro, wato ofis, da mota. Rahila ta zauna a matsayin ƴar kwantiragi a ƙauye. Wannan bai taɓa shiga tsakaninsu ba, ko kuwa haka Rahila ta ɗauka.

A ƙauyen ne ta lura yara na haddace Faransanci kamar waƙa ba tare da sun gane harafi ɗaya ba. Sai ta sayi wani babban kaye mai shafi ɗari biyu, ta fara rubuta darussa da Hausa, da abubuwan da yaran ke gani a gida. Darasin da ya ƙi shiga kansu ta soke shi ta sake. Shekara uku tana yi. Bara da hutun Kirsimeti ta nuna wa Mardiya. Mardiya ta karanta har ta manta da shayinta, ta ce wannan bai kamata ya zauna a ƙauye ba, ta bar mata shi sakataren buronsu ya buga a inji, ta nuna wa manya. Rahila ta ba ta, ba ta ko yi fotokopi ba. Tun daga nan duk sa'ad da ta tambaya a waya, amsar ɗaya ce: manya ba su duba ba tukuna, a ƙara haƙuri.

"Ya yi kyau ko?" in ji Alhaji Mahamud. "Ai ƙawarki ta hidda mu kunya. Na ji ta a rediyo tana hwaɗin wahalar da ta sha, wai shekara uku tana bin ƙauyuka tana gwada shi ga yara."

Rahila ta rufe littafin. Ta ce, "Alhaji, aje mini kayan nan, ina zuwa. Wanga kuma ka sa shi cikin nawa."

Ta fita da littafin a hannu. Ba ta tsayar da kabu-kabu ba, da ƙafa ta tafi cikin rana, ledar tsaraba na bugun gwiwarta. A hanya ta yi ta nema wa Mardiya hanzari. Wataƙila masu bugawa ne suka yi kuskure. Wataƙila akwai wani bugu na biyu da za a gyara. Amma maganar rediyo ta ƙi barin kunnenta.

Ta tarar da Mardiya a tsakar gida a kan tabarma, tana yanka salati. Da ganinta ta tashi da murna.

"Rahi! Tun ɗazu nike duban ƙohwa. Shinkahwa ta nuna, ke nike jira."

Sai idonta ya sauka kan koren bangon. Wuƙar da ke hannunta ta tsaya. Ta ajiye ta a hankali cikin tire.

"Zamna mana," ta ce.

Rahila ba ta zauna ba. "A shagon Alhaji Mahamud na gane shi. Shi ya nuna mini. Ya ce in gani, ƙawata ta yi littahi."

"Wallahi yau nike da niyyar in gaya miki. Na ce sai kin zo, mu zamna, ba magana ce ta waya ba."

"Wata tara, Mardiya. Sau nawa na kira ki?"

Mardiya ta gyara ɗankwalinta. Muryarta ta sauya, ta koma irin wadda take magana da ita a buro. Ta ce Rahila ba ta san yadda abubuwan nan ke tafiya ba. Masu ba da kuɗin furoje ba sa karɓar aiki daga hannun ƴar kwantiragi, sai wanda ke cikin ma'aikatansu, mai takardun da suke so. Da ta kai da sunan Rahila, da yanzu kayen na cikin kwali yana cin ƙura. Ita ta yi ta hawa da sauka, ita ta zauna da masu gyara, ita ta je Yamai sau biyu. Yanzu ga shi littafin zai shiga lakkol sama da ɗari.

"Ba abin da kike so ke nan ba? Yara su karanta?"

"To, ki sa sunanki a sama. Nawa hwa? Ko a baya, ko da ƙananan haruffa. Ko ki ce kin gode ma wata malama a ƙauye."

Mardiya ta juya ta dubi tiren salati.

"Keken babana na ciki," in ji Rahila. "Kin san keken nan. Ya sha ɗaukar ki a kai zuwa tasha."

"Rahi, in na sa sunanki za su tambaya wace ce, mi ta yi. In sunka gane ke kinka rubuta duka, ni mi zan ce? Aikina ne a bakin. Kin san maigidana ba shi da aiki tun bara."

"Da kin tambaye ni."

"Da kin yarda?"

Rahila ta daɗe tana kallonta. Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne ta san amsar. Da Mardiya ta zo ta zauna ta ce mata ga halin da take ciki, da wuya ta hana ta.

"Ba ni kayena," ta ce.

Mardiya ta buɗe baki kamar za ta ce ya ɓata. Sai ta shiga ɗaki. Rahila ta ji ana jan akwati, ana buɗe shi. Ta fito da kayen ta miƙa mata ba tare da ta dube ta ba. Bangon ya ɗan yi laushi, amma shi ne. Rahila ta buɗe. Shafin farko, inda ta rubuta sunanta da sunan ƙauyen da ranar da ta fara, babu shi. Ba yagewa ya yi ba. An bi gindinsa da reza an yanke shi tsaf, a miƙe kamar an sa abin ja layi. Ta juya ciki. A kusurwar kowane darasi ta saba rubuta kwanan watan da ta gwada shi a aji, da harafin farko na sunanta. Duk an bi su ɗaya bayan ɗaya an shafe da farin ruwan gyara rubutu.

Ta shafa wurin da yatsa. Wannan ba aikin minti biyar ba ne. Sai da mutum ya zauna, ya natsu, ya bi shafi ɗari biyu.

"Sakatare ne," in ji Mardiya da sauri. "Sun ce kada a bar komi a gefe in za a sa a inji."

"Shi ya yanke shahin hwarko?"

Can Mardiya ta matso ta kama hannunta. Ta ce za ta gyara. Akwai horon malamai da za a yi a kan littafin, za ta sa sunan Rahila cikin masu taimakawa. Kuma ta san wanda zai iya tura takardunta a ɗauke ta aikin dindindin, ta riga ta fara yi masa magana. Ta zauna dai su ci abinci, kada maƙwabta su ji.

Rahila ta zare hannunta. Ta ajiye ledar tumu da kuɓewa a gefen tabarma, don ba ta ga dalilin komawa da ita ba. Ta sa kayen a jaka ta fita. Mardiya ta biyo ta har bakin ƙofa tana kiran sunanta ƙasa ƙasa, amma ba ta taka waje ba.

Da ta koma shago mutane sun ragu. Alhaji Mahamud ya dube ta ta saman gilashi.

"Madan, lahiya? Kamar kin sha rana."

Ba ta yi niyyar gaya wa kowa ba. Amma sai ta ga ta ciro kayen ta ɗora a kan teburin shagon, ta buɗe shafin akuya, ta buɗe littafin kusa da shi. Alhajin ya sunkuya. Ya juya shafi a nan, ya juya a can. Ya jawo takardar jerin kayan da ta kawo da safe, wadda ita ta rubuta da hannunta, ya ajiye kusa da kayen yana duban rubutun biyu.

"Innalillahi," ya ce daga baya. "Kuma ni da hannuna na miƙa miki."

"Ba laihinka ba ne, Alhaji."

"Ba zan yi miki ƙarya ba, ɗiyata. Ba ni iya daina saida shi, iyaye na tambaya, kuma littahin na da kyau. Amma ni dai na gani da idona. In wata rana anka tambaye ni, zan hwaɗi abin da na gani."

Ya sa aka kai mata kayan har tasha a baro. A mota ta zauna gefen taga da kwalin alli a cinyarta don kada ya farfashe a gargadar hanya. Gero ya nuna a gonaki, wasu har sun fara yanka. Ba ta yi kuka ba sai da suka wuce rabin hanya, shi ma a cikin mayafi, yadda matar da ke kusa da ita ta ɗauka barci take.

Mushe Sule ya fi ta zafi da ya ji. Ya sa ta rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban furojen, shi ma ya sa hannu a matsayin wanda ya ga tana aikin shekara uku. Bayan sati shida wani ma'aikacinsu ya kira ta a waya. Ya yi magana da ladabi. Ya ce sun tambayi Madan Mardiya, ta ce gaskiya ne wata ƙawarta ta taimaka mata da kwafe darussan da hannu saboda rubutunta ya fi kyau. Ya ce abu ne tsakanin ƙawaye, ya fi kyau su sasanta a gida. Rahila ta ce ta gode, ta kashe wayar. Mardiya ta kira ta sau huɗu a watan nan, ta aiko da turmin atamfa ta hannun wani direba. Rahila ta ce ya mayar.

A watan Nuwamba takarda ta zo cewa duk malaman ajin farko na yankin su hallara a Buza, horon kwana biyu a kan sabon littafi. Ba a ba kowa zaɓi ba. Rahila ta je ta zauna a benci na ƙarshe. Mardiya ce a gaban allo, cikin leshi ruwan toka, tana bayani da murya mai daɗi. Ta iya magana, wannan ba a taɓa ƙwace mata ba. Sau ɗaya idonsu ya haɗu, ta yi saurin kawar da nata.

A rana ta biyu, wani malami daga wajen Keita, Mushe Abdurrazak, ya ɗaga hannu.

"Madan, a darasi na tara akwai wani babban akwati da anka zana, ba komi cikinshi, ba a kuma ce a yi komi ba. Na mi ne?"

Mardiya ta buɗe shafin. Ta dube shi, ta juya baya, ta dawo.

Rahila ta san na mene ne. A darasi na tara ne yaro ke cika haruffan da suka ishe shi rubuta sunan mahaifiyarsa. Takan sa kowa ya rubuta a cikin akwatin, ya kai gida ya nuna mata. Washegari iyaye mata kan zo bakin aji da kansu, wasu da fura, su tsaya suna leƙe, kuma daga ranar ba a cika hana yaro zuwa lakkol don kiwo ko ɗiban ruwa ba. Ba ta taɓa rubuta wannan a kayen ba, don ba ta ga bukata ba, ita ke koyarwa.

Mardiya ta ɗago kai ta dubi benci na ƙarshe. Kallon roƙo ne, Rahila ta san shi tun suna ɗalibai, in an tsayar da Mardiya a aji ba ta yi bita ba. Rahila ta sunkuyar da kai tana duban hannuwanta.

"Kuskuren masu bugawa ne," in ji Mardiya. "Ku tsallake shi. Za mu cire shi a bugu na gaba."

Malamai suka ja bik suka soke akwatin. Rahila ta ji ƙarar bik ɗin a kan takarda daga kowane benci.

Da aka tashi ta tarar da Mushe Abdurrazak a gindin itacen bedi yana ɗaure jakarsa a bayan babur. Ta gaishe shi, ta ce masa in ya koma kada ya tsallake darasi na tara, ta gaya masa abin da zai sa yara su yi. Ya saurara, ya gyaɗa kai, ya ce wannan dabara ce mai kyau, a ina ta samo ta? Ta ce a ajinta. Ya ciro bik ya rubuta a gefen shafin, ya tambayi sunanta da na ƙauyensu, ya rubuta su a ƙasa. Motar furoje ta fito daga farfajiya ta rage gudu kusa da su, gilashin baya, inda Mardiya ke zaune, ya sauka kaɗan. Rahila ta juya ta bi hanyar kasuwa, inda masu amalanken ƙauyensu ke jiran mutane kafin la'asar.